Gadon da Baba Ya Haɗa Wa Inna a Bayan Jif

Shekarun baya, tun mutum na iya kutsawa ƙauyukan bayan Malumfashi ba tare da gabansa na faɗuwa ba, mahaifina ya yi wani aiki a jikin tsohuwar motarsa wanda har yau in na tuna sai in jinjina masa. Jiya wani abokina ya turo min hoton wata motar daji ta ƙasar waje, an yi mata akwatuna da rumfa da tankin ruwa, mutane na ta yabawa a ƙasan hoton. Shi ne na ce bari in ba ku labarin tamu.

Mahaifina direba ne, kuma makanike. Ya yi shekaru masu yawa a wani kamfanin gurzar auduga a Funtua, yana shiga ƙauyuka ɗauko kaya. Da ya ajiye aiki sai aka bar masa wata jif da ta sha jiki, irin wadda ƙafafunta huɗu duk suna ja. Fentinta ya koɗe har ba ka iya cewa koriya ce ko ruwan toka, ƙofar bayanta kuwa da igiya ake ɗaurewa. Ni a lokacin na dawo daga bautar ƙasa, da takardar injiniya a jaka, babu aiki, sai yawan ba mutane shawarar da ba su nema ba.

Shekara biyu kafin nan hawan jini ya kayar da mahaifiyata a bakin murhu. Ta farfaɗo da ɓarin jikinta na hagu a shanye. Magana sai da ƙyar, kalma ɗaya ko biyu, wanda ya saba da ita ne kawai ke ganewa. Ba ta iya dogon zama, bayanta ke riƙewa. Mahaifina ne ke ɗaga ta, shi ke juya ta, shi ke ba ta abinci a baki.

Ɗan'uwa ɗaya ya rage mata a duniya, wanta, a wani ƙauye can bayan Dayi. Shi ya raine ta bayan rasuwar uwarsu. Kawun nawa manomi ne, yana nan kan addinin kakanni, ita kuwa ta musulunta tun kafin aurenta, amma hakan bai taɓa shiga tsakaninsu ba. Duk kaka sai ya aiko mata da dawa da daddawa. A daminar da nake ba ku labari sai saƙo ya zo cewa ya faɗi ya karye a ƙugu, ga idanunsa dama sun riga sun tafi. Yana kwance ba ya tashi. Shi ba zai iya zuwa ba, ita ma ba za ta iya zuwa ba.

Ranar da aka gaya mata ba ta yi kuka ba. Abinci kawai ta ƙi. Mahaifina ya kai loma bakinta, ta kau da kai. Can ta ce, "Yaya." Ta huta, ta sake tattaro ƙarfinta ta ce, "Gida."

Ya ajiye kwanon ya ce, "Na ji, Hajiya."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Washegari na fito na same shi ya cire kujerun bayan jif ya jingine su da bango.

Na ce, "Baba, me ya samu motar?"

Ya ce, "Miƙo min sifana."

Na miƙa. Sai da ya kwance wani noti sannan ya ce, "Innarka zan kai ta ga ɗan'uwanta."

"Baba, da daminar nan? Hanyar nan ko mai lafiya ya bi ta sai ya kwana biyu ana gasa masa jiki."

"Shi ya sa na ce ka miƙo min sifana."

Ashe har ya je ya tambayi likitanta. Likita ya ce in dai a kwance za ta yi tafiyar, kanta a ɗan ɗage, ba jijjiga, ga magani a kan lokaci, to babu laifi. Na tabbata likitan ya faɗi haka ne don ya san babu motar da za ta cika waɗannan sharuɗɗa a hanyar ƙauye. Bai san da wa yake magana ba.

Aikin a rumfar wani tsohon abokinsa mai walda aka yi shi. Ni kuwa da na ga da gaske ne, sai na ce bari ilimi ya yi amfani. Na kwana biyu ina zane da lissafi, na kawo masa takarda uku cike da lambobi. Ya karɓa da hannu biyu, ya duba sama da ƙasa, ya ce, "Ma sha Allah, ya yi kyau." Sannan ya juya bayan takardar ya zana nasa da guntun fensir. Mai walda ya danne dariya ya ce, "Injiniya, zo riƙe min ƙarfen nan."

Gado suka fara haɗawa, na bututun ƙarfe. Ba a kan daɓen motar ya zauna ba. Mahaifina ya bi 'yan gwangwan ya tsinto tsofaffin shokan babur masu rage jijjiga guda huɗu, gadon ya hau kansu. Ya yayyanka robar tif ya ɗaure gefe da gefe don kada gadon ya riƙa lilo. A ƙasa ya shimfiɗa layin ƙarfe biyu da boris, yadda mutum ɗaya zai iya jawo gadon waje kamar aljihun tebur.

Da suka gama sai ya cika kwanon sha da ruwa, ya ɗora a tsakiyar gadon, muka bi wata mummunar hanya ta bayan layin dogo. Kafin mu yi nisa rabin ruwan ya zube. Ya koma ya sassauta nan, ya ɗaure can, ya canza shok ɗaya. Aka sake. Na daina ƙirga sau nawa muka bi hanyar nan da kwanon ruwa. Ranar da muka dawo ruwan bai zube ba sai ɗan abin da ya jiƙa bakin kwanon, na yi tafi na ce an gama.

Ya ce, "Kwano ba ya magana. Hau ka kwanta."

Na kwanta. Sai ya warware rawaninsa ya ɗaure min hannun hagu a jikina tam, ya haɗa da ƙafar.

"Baba, wannan kuma fa?"

"Ita ba ta da su. Kai ma yau ba ka da su."

A kwanar farko na mirgina hagu, na rasa abin da zan tokare da shi, fuskata ta bugi ƙarfe. Na kwarma ihu na ce ya tsaya. Ya tsaya, ya zagayo, ya daɗe yana kallona. Ba tausayina yake ji ba, tunani yake. Ya ce, "Kai ka yi ihu na ji. Ita fa?"

Washegari gefen hagun gadon ya samu katako da aka lulluɓe da soso. A gefen dama kuma, daidai inda babban yatsanta zai sauka, ya ɗaura ƙararrawar keke. Bugu ɗaya, lafiya lau, a ci gaba. Bugu biyu, a tsaya.

A gwaji na gaba na yi ƙorafi cewa kwanciyar da gundura, babu abin da mutum ke gani sai tsatsar rufin mota. Ya samo babban madubin gefe na tirela ya kafa a rufin daga ciki, ya yi ta karkata shi ina kwance ina cewa sama, ƙasa, har sai da na ga itatuwa da gonaki na wucewa a cikinsa. Ya ƙara wani ƙarami a gabansa, wanda in ya ɗaga ido zai ga fuskar wanda ke kwance. To kun ji gudummawar da karatuna ya bayar a wannan aiki: kwanciya da ƙorafi. Har wasu maƙwabta da suka hango ni a ɗaure a bayan mota suka shigo gida dubiya da yamma, suna tambayar yaushe abin ya same ni.

Sauran kayan kuwa kullum sai ka ga sabo. Ya ciro aljihunan tsohon kabad ɗin mahaifiyata na aure ya jera su a ƙarƙashin gadon da gefensa. Na magani yana dama, an huda soso kowace kwalba da raminta don kada su yi ƙara. A kan rufi ya kwantar da wani ƙaton bututun roba, ya toshe bakinsa biyu, ya shafe shi da baƙin fenti, ya sa masa kan famfo a baya. Na ce ai ruwan zai yi zafi a rana. Ya ce abin da ake so ke nan, jikinta ba ya son ruwan sanyi. Ruwan sha kuma yana cikin ƙaramin tulu, a zaune cikin tsohuwar tayar babur, an naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu. A gefen motar akwai tamfal a nannaɗe da sanduna biyu, in an warware ya zama rumfa mai labule, da wata kujera mai naɗewa da aka huda tsakiyarta, saboda lalura. Katakai biyu masu kauri da shebur suna ɗaure a ɗaya gefen. Bututun da inji ke shaƙar iska ma sai da ya ɗago shi ta jikin gilashi har saman rufi.

Wata rana ya turo ta a keken marasa lafiya don ta ga aikin. Ta daɗe tana kallo. Ya riƙa jawo aljihunan ɗaya bayan ɗaya yana nuna mata, kamar mai tallan kaya. Da ya gama ta girgiza kai. Ta ce, "Goro."

Ya dafe kai. "Wallahi kin yi gaskiya. Za mu je wa Yaya hannu rabbana."

A ranar aka ƙara wani akwati a bayan kujerar direba, na tsaraba: goro a jiƙaƙƙiyar algarara, gishiri, sabulu, da bargo.

Kusan wata biyu aka ɗauka. Muka tashi wata Laraba bayan sallar asuba, damina ta kusa ƙarewa, dawa ta fi mutum tsawo. Daga Funtua zuwa Malumfashi har Dayi kwalta ce, ba wani abu. Ni dai ina gaba ina ta waiwaye. Tana kwance idonta a madubi, gonakin masara da na auduga na wucewa ta samanta. Shekara biyu rabonta da ganin gona.

Bayan Dayi muka sauka daga kwalta. Daga jar hanya muka koma turbar amalanken shanu, ramuka, saiwoyi, ruwa kwance nan da can. Ni da ke kan kujera kaina na bugun rufi. In na waiwaya sai in ga motar na tangaɗi ta ko'ina, gadon kuwa na lumshewa a hankali kamar kwale-kwale a ruwa mai sanyi. Sau ɗaya ta buga biyu, aka tsaya, aka warware rumfa, na ba su wuri. Ta sha magani, aka ci gaba.

Sai muka iso rafi. Ruwan ya fi yadda mahaifina ya zata. Ya naɗe wando ya shiga da sanda, ya je ya dawo, ya kalli gabas inda hadari ya fara haɗuwa. Ya ce in za a ƙetare to yanzu ne. Muka shiga. Ruwa ya shanye tayoyi, ya taɓo bakin ƙofa, injin bai ko yi tari ba. Har na fara hamdala. Muna gab da fita sai ƙafafun baya suka nutse a laka, motar ta karkata hagu ta tsaya cak.

Ba zan ɓoye muku ba, na rikice. Na san in aka yi ruwa a sama, rafin nan cikin ɗan lokaci zai cika ya tafi da duk abin da ya samu. Na fara salati da ƙarfi ina cewa dama na faɗa. Mahaifina bai ko kalle ni ba. Ya ɗaga ido ya ce, "Hajiya, yaya dai?"

Ƙararrawa ta yi ƙara sau ɗaya.

Ya ce, "Ka ji. Sauka ka kwance katakai."

Wasu manoma da ke aikin shinkafa a fadamar suka taho da gudu. Mahaifina ya zare wasu ƙusoshi biyu, sai ga gadon ya rabu da motar gaba ɗaya, da mariƙai huɗu a kusurwoyinsa waɗanda ni duk zatona ado ne. Mu huɗu muka ɗauke ta muka haura da ita tudu, ƙarƙashin wata ɗorawa. Sannan aka koma kan mota. Aka haƙa, aka ɗaga da jak, aka cusa katakai, aka tura. Laka har cikin kunnena. A yunƙuri na uku ta fito tana gurnani.

Wani dattijo cikin manoman ya zagaya motar, ya murɗa famfo ruwan ɗumi ya zubo masa a hannu, ya ja da baya. Ya ce, "Alhaji, a wace ƙasa ake ƙera irin wannan?"

Mahaifina ya ce, "A Funtua, bayan tasha."

Muna shiga ƙauyen yayyafi na farawa. Mata da maza suka fito suka kewaye mu. Matar kawu, tsohuwa mai ƙarfin hali, ta leƙa ta ga mahaifiyata, ta rangaɗa guɗa tana hawaye. Muka ɗauko gadon muka bi ta tsakanin rumbuna har ɗakin da kawu ke kwance. Ina ganin ƙofar na ja na tsaya. Ɗakin ƙasa ne, ƙofarsa 'yar siririya. Na ce, "Baba, ba zai shiga ba. Sai dai a ɗauke ta a hannu."

Matar kawu ta ce, "Zai shiga, ɗana. Ai ya auna."

Na ce, "Wa ya auna?"

"Ubanka mana. Sau biyu yana zuwa a kan babur da 'yar igiyarsa. Ya auna ƙofa, ya auna gadon kawunka, har kwanar bayan rumbu sai da ya auna. Ya ce kada mu gaya wa maigidan, kada ya sa rai abin bai yiwu ba."

Na tuna ranakun da yake fita tun safe ya dawo da la'asar wandonsa duk laka, ya ce ya je neman ƙarfe. Gadon ya shige ƙofar nan, abin da ya rage kowane gefe bai fi kaurin yatsa ba. A ciki ya buɗe wasu ƙafafu huɗu da ke naɗe a ƙasansa, gadon ya tsaya daidai da tsayin na kawu, ba sama ba ƙasa. Kuma ta gefen damanta kawu yake.

Kawu ya rame ƙwarai. Ya juyo da fuskarsa wajen motsin ya ce, "Su wane ne?"

Mahaifiyata ta miƙa hannunta mai lafiya ta kama nasa. Ta ce, "Yaya."

Ya yi kamar an watsa masa ruwa. Ya lalubo fuskarta, ya bi goshinta da yatsu, ya bi tsagen kumatunta. Ya kira ta da wani suna na yarinta wanda ban taɓa ji ba. Sannan ya ce, "Ke yarinya, ashe kin tsufa."

Sai ta yi dariya. Dariya sosai, da rabin bakinta, har da tari. Rabon da in ji wannan sautin tun kafin ta faɗi. Ni da na shigo da laka a jiki ina shirin ba da labarin jarumtakata a rafi, sai na tsinci kaina a bayan ƙofa ina share ido da hular da ke hannuna.

Kawu ya ce, "Ina Direba?" Haka yake kiran mahaifina tun zamanin neman aure.

"Ga ni, Yaya."

"Lokacin da na ba ka ita, mutane suka ce na ba wanda ba ya zama a gida. Yau ga shi ka dawo min da ita har ɗaki."

Mahaifina ya ce, "Aro na kawo maka, Yaya. Jibi zan koma da abata."

Kwana biyu muka yi. Suka kamo zakara suka miƙa wa mahaifina wuƙa, don sun san sai yankanmu muke ci. In lokacin salla ya yi, a shimfiɗa mana tabarma ƙarƙashin tsamiya, a kore karnuka. Su biyun kuwa suna ɗaki hannu cikin hannu. Shi ke ta zuba, labarin mutanen da suka mutu tun ban zo duniya ba, ita tana amsawa da kalma ɗaya ɗaya, kuma bai taɓa cewa ta maimaita ba. Da muka zo komawa, rafin ya janye, amma na ga ciyawar da ruwa ya rataya a reshen wata bishiya, sama da inda rufin motarmu ya tsaya. Na nuna wa mahaifina. Ya kalla, ya ce, "Allah ya kiyaye," ya sa giya.

Kawu ya rasu bayan an gama girbin dawa. Da aka gaya mata ta yi hawaye, sannan ta ce, "Na gan shi." Ta ƙara shekara uku tare da mu kafin ita ma ta tafi, Allah ya jiƙanta. Motar kuwa ta zama ta unguwa. Duk wanda ke da mara lafiyan da ba ya iya zama, ƙofarmu yake bugawa.

Daga baya na samu aiki, na zauna da mutanen da suka fi ni ilimi nesa ba kusa ba, na ga injina masu ban mamaki. Amma ban sake ganin wani abu da aka ƙera wa mutum ɗaya tak, daidai ciwonsa, daidai abin da ya rage masa na ƙarfi, kamar wannan ba. Na girma ina ɗaukar mahaifina a matsayin mutum mai shiru wanda ya iya gyaran mota. Ina gida ɗaya da shi shekara ashirin da wani abu, ban san ko wane ne shi ba sai a wata biyun nan.

Yanzu ya tsufa, ya daina tuƙi, yawanci yana zaune a zaure da carbinsa. Bai taɓa ba kowa wannan labarin ba, in ma na ɗauko shi sai ya ce in bar tone-tone. Ni dai abin da na sani, tun daga wannan tafiyar, in na durƙusa gaishe shi ba na saurin tashi.